Gidan Kwara Dogo

Ko na tsufa na fara rikita sunayen 'ya'yana, Asabar ɗin da na yi wa ɗalibai lacca a Fagge ba za ta fita daga raina ba. Ni fa, da boko ya tsaya mini a aji biyu na sakandare.

Bakina ne ya jawo. Kowa ya san ba ni da aikin da ya wuce zagin abin da aka mayar da Kano. Daga Bata har Tashar Jirgi babu filazar da ban tsine wa ba. Na girma ina ganin gidajen Kwarori, 'yan kasuwar nan na Labanan da Siriya: kanti a ƙasa, iyali a sama, baranda ta katako ta leƙo titi, ginshiƙai a jere, ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Kaurin katanga kamu biyu, ka shiga da azahar ka ji kamar an tsoma ka a randa. Yanzu fa? Akwatunan siminti an ɗora wani kan wani, shago kamar kabari, janareto na hura maka hayaƙi a baki.

'Yata Safiya da wannan waƙar tawa ta tashi. Da ta shiga karatun zanen gine-gine aka ba su aiki kan tsofaffin unguwannin 'yan kasuwa, sai ta ce wa malamarsu ai babanta kundi ne. (Na yi kamar abin bai dame ni ba, amma a ranar na kai babbar rigata guga.) Ku gane, a gidana ita kaɗai ce in ina magana take ajiye waya ta saurara. Uwarta ta daɗe da sallama ni.

Malamar wata Dakta ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, ta zo da ɗalibai cike da bas. Muka fara daga wajen Tashar Jirgi, na nuna musu inda sito-siton gyaɗa da fata suke a da. Muka ratsa Sabon Gari, inda gidajen akawu masu jan kwano kaɗan suka rage, an toshe barandarsu da bulo ana sayar da taya a ciki. Ina magana suna rubutawa. Wallahi tun da aka haife ni ba a taɓa rubuta maganata ba, sai sau ɗaya a ofishin 'yan sanda.

Da muka shigo Fagge, Dakta ta tsaya gaban wata filaza mai hawa huɗu, ta zaro wani tsohon hoto daga jaka.

"Malam, ka san wannan gidan? An ce a nan yake."

Nan take na gane shi. Gidan Kwara Dogo ne, wani mai sayen gyaɗa da ya mutu tun ina yaro. Mai hankali zai ce bai tuna ba, a wuce. Amma ni bakina ya riga ya ɗau zafi. Na zayyana musu matakalar bene, da tagogi masu marfi biyu, da tayil ɗin falo. Sannan na gyara riga na ɗaga murya:

"Duk wanda ya sa guduma a gidan nan, Allah ya isa tsakaninsa da Kano! Jahili ne, bai san darajar komai ba sai cikinsa!"

Yaran suka ce amin. Har da tafi.

Safiya ce kawai ba ta tafa ba. Hoton na hannunta, ta kai shi kusa da ido.

"Baba, ƙofar nan mai ƙusoshin tagulla, da 'yar taga mai tauraro... kamar na san ta."

Kafin in samu abin cewa, wani tsoho da ke zaune kan benci a bakin filazar ya miƙe. Malam Idi ne, mai gadin layin tun zamanin da. Na ɗauka ya mutu.

"A'a! Muryar wa nake ji kamar ta Sarkin Guduma? Kai ne da babbar riga haka? Yara, kun samo gwani. Kwana tara ya yi ya kwantar da gidan nan, ko ƙusa bai bari ba. Ƙofar nan ma ni na riƙe masa tsani."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na ji Safiya ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Ƙofar garken awakinmu ce."

Bari in faɗi gaskiya tunda an riga an tone. A lokacin ina sabon aure, ba sana'a. Magadan Kwaran suka sayar wa wani Alhaji gidan, shi kuma fili yake so. Yadda aikin rusau yake, ba a biyan ka ko sisi: ka rushe, ka share, duk abin da ka ciro naka ne. Saboda haka idona bai taɓa ganin gida ba. Kwano na gani, da rodi, da katako. Barandar nan da nake yi wa kuka, ni na kai ta Sabon Gari a baro, kafintoci suka yi kujerun makaranta da ita. Ƙofar ce kawai aka ƙi saye, wai ta yi nauyi.

Sai bayan shekaru, da na fara tsayawa a rana a inda inuwa take, abin ya soma ci na. Kuma zagin wani jahili marar suna ya fi daɗin faɗa a majalisa.

Dakta ta gyara tabarau ta ce, "To Malam, mun dace. Ba kullum ake samun wanda ya ga cikin katanga ba. Da me aka gina ta?" Na ba ta amsa, amma idona na kan takalmina. (Har yau ban sani ba, taimako na ta yi ko yanka ni.)

Ni da Safiya muka hau Adaidaita muka koma gida. Muna shiga ta ɗauko tef ɗin awo ta nufi garke, ta kori awakin, ta goge ƙofar da gefen mayafinta. Ina tsaye a bayanta kamar ɗan haya. Ta auna, ta duba hoton, ta sake aunawa.

"Baba, ta gaza da kamu ɗaya. Ina ƙasanta?"

"Ta yi wa garken tsawo, na sa aka yanke."

"Guntun fa?"

Na yi niyyar ƙarya, na ga ta ishe ni haka a yini ɗaya.

"Da shi aka dafa shinkafar sunanki."

 Ta buɗe littafinta ta ce, "Faɗa mini daga farko. Wannan karon har da kai a ciki."

Har yanzu ina zagin filazoji, hali ba ya mutuwa. Sai dai na daina cewa Allah ya isa. Mutum ya fara sanin a wane layi yake tsaye kafin ya sa yara su ce amin.