Babban Mutum Ba Ya Taɓa Inji

Mama Endale mai gasa kifi a bakin layinmu ce ta fara gaya mini wai akwai biza ta 'yan gata. In kamfaninka na da rassa a ƙasashe, shi zai cika takardu, ya ɗauke ka daga wannan reshe ya ajiye ka a wancan. Kai naka kawai ka je ka amsa tambaya. To Allah ya nufa maƙwabcinmu Mukoko ya samu irinta, kuma duk Duwala ba wanda ya fi shi cancanta. Shi da kansa ya shaida mana haka.

Shekararsa sha tara yana gyaran injin soya koko, wanda ake yin cakulan da shi. Tsakani da Allah ya iya. In inji ya yi tari, kunne kawai zai kasa ya san inda ke masa ciwo. Shi ya sa reshen Kanada suka neme shi, nasu injin ya gagare su. Amma fa kar ka kuskura ka ce masa makanike. Da kwat yake fita, rigar aiki a naɗe cikin jakar fata kamar lauya, ya goge farce da lemun tsami kafin ya shigo unguwa. Mu dai Darakta muke ce masa, yana amsawa da kai.

Tun ba a buga bizar ba ya yi walimar bankwana. Aka dafa miyar ganye ta ndole, aka jera kujeru har bakin kwata. Ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, ku yi haƙuri da rashina. Na so in zauna, amma duniya ta kira. Wanda ke son ganina nan gaba, ya bi ta sakatariya."

Mama Endale ta ce, "Darakta, ni da kake cin kan kifina a tsaye, ni ma sai na bi ta sakatariya?"

Ya ce, "Za a duba maganarki."

Matarsa Sike, baiwar Allah, ta ja shi gefe. "Baban yara, matar ofishinku ta ce abin da ke takarda shi za ka faɗa. Makanike suka rubuta."

"Sun rubuta don ba su san ni ba."

Ranar ganawa suka tafi ofishin jakadancin Kanada tare, ita Sike ta ba mu labari. Baturiya ta duba takarda ta bayan gilashi ta ce, kamfaninka ya ce kai kaɗai ka san wannan inji, yaya kake gyara shi? Darakta ya waiga, ya ga mutane cike a benci suna ji. Ya gyara wuyan kwat.

"Madam, ni ba na taɓa inji. Umarni nake bayarwa."

Ta ce to mutum nawa ne a ƙarƙashinka? Ya ce ba su ƙidayuwa. Ta ce in injin ya tsaya wa ke buɗe shi? Ya ce, "Ƙananan ma'aikata." Sike ta taka masa ƙafa, ya ce mata ta daina tsoma baki a maganar manya.

Baturiya ta turo masa fasfo ta ƙasan gilashi, cikin ladabi. Ta ce su dai, mai buɗe inji aka roƙe su su shigar ƙasarsu, masu ba da umarni suna da su da yawa a can.

Kamfani bai ɓata lokaci ba, ya tura wani Ekwala da ba ya jin kunyar baƙin mai a hannu. Allah ya raba mu da girman kai, ni ma ban fi ƙarfinsa ba.

Yanzu haka Darakta yana nan. Litinin zuwa Juma'a yana kwance a ƙarƙashin inji. Ran Asabar kuwa ya sa kwat, ya kafa tebur a ƙofar gida, yana koya wa mutane yadda ake amsa tambayar biza.