Dakta Nan-da-Hamsin da Rijiyar Kudu

Duk tsibirinmu ba a taɓa haifar mai ilimi kamar Dakta Tokataake ba, kuma shi da kansa ya tabbatar mana da haka. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Ostireliya yana karatun abin da sauyin yanayi zai yi wa ruwa da amfanin gona. Ya dawo da kwat, da takalmi sau-ciki a garin da limamin coci ma silifa yake sawa, da wata kwamfuta da ta san ruwan saman da za a yi bayan dukanmu mun mutu. Na bana ne kawai ba ta sani ba. Mu mata muka sa masa suna Dakta Nan-da-Hamsin, domin ko lafiyar gida ka tambaye shi, da "nan da shekara hamsin" zai fara amsawa.

Mutum ne mai tsafta. Katan shida na ruwan roba ya sauko da su daga jirgin ruwa. Mako uku ya yi yana binciken rijiyoyinmu, bai bar ɗigon ko ɗaya ya taɓa leɓensa ba. Ya dai ɗauke su hoto.

Ga abin da ya kawo shi. Babai, gwazar nan tamu da ake haƙa wa rami har a tarar da ruwan daɗi, ta fara mutuwa a ramukan kudu. Gwamnati ta aro mana motar haƙa, kuma jirgin da zai mayar da ita ran Juma'a zai zo. Aiki ɗaya ya rage mata: ko ta haƙa sababbin ramuka a arewa inda ƙasa ta fi tudu, ko ta gyara hanyar ofis. Dattawa suka ce a jira lissafin Dakta.

Nei Kabuati, ƙanwar mahaifinsa, tana da gindin babai arba'in a kudu. Shekara biyar tana yi musu taki da ganye saboda bikin jikarta, ga shi ganyensu ya koma rawaya. Kullum da safe takan tsoma yatsa a ramin ta lasa. Ta gaya wa Dakta gishirin da ta ji.

Ya ce, "Gwaggo, harshe ba ma'auni ba ne. Harshe ba shi da lamba."

"Da shi na riƙa ɗanɗana abincin da ya raya ka, ja'iri."

"Wannan kafin in yi digiri ne."

Ran Laraba aka taru a maneaba, babbar rumfar taron gari, kowane dangi a mazauninsa. A can duk wanda zai gifta gaban dattawa sunkuyawa yake yi. Dakta ya gifta a miƙe, don ilimi ya hana bayansa lanƙwasuwa. Ya rataya farin zanin gado, ya haska taswira a kai, duk an yanka ta gida-gida kamar dara.

"Iyayena," ya ce, "abin da kuke gani, na'urori goma sha biyu ne suka haɗu a kansa. Na gwada zafi, na gwada iska, na gwada hawan teku. Sakamako ɗaya ne: nan da shekara hamsin, babu rijiya ko rami a wannan yanki da zai ƙara gishiri. Tsoro ne kawai na marasa karatu. A gyara hanya."

Ma'aikatan ofis suka tafa. Su ke da babura.

Mata ba sa tsoma baki kafin dattawa su gama, amma gwaggo gwaggo ce. Nei Kabuati ta ce, "Ɗana, nuna mini ramina."

"Gwaggo, kowane gida a taswirar nan kilomita hamsin ne."

"To nuna mini tsibirin."

Ya nuna wani gida. Shuɗi ne fes, ko ɗigon kore babu.

Ten Bauro, babban dattijo, ya gyara zama. "Yaro, me ya sa shuɗi?"

"Tsibirin ne ya yi siriri, Baba, sai na'urar ta lissafa shi a cikin teku. Sanannen abu ne a kimiyya. Bai taɓa sakamakon ba."

"Ashe a ruwa muke zaune."

"A lissafi, Baba."

"A lissafi," in ji Ten Bauro, ya dubi tabarmarsa ko ta jiƙe.

Ni dai ban ga laifin Dakta ba. Gaskiya ya faɗa. Rijiyar da babu ita ba ta lalacewa.

Daga nan aka zo karrama baƙo. A maneaba, wanda aka miƙa wa kofi a gaban dattawa ba ya mayar da shi da saura, ko ɗan wane ne. Nei Kabuati ta dafa shayi da ruwan rijiyar kudu, wadda ke kusa da raminta, ta ce sukari ya ƙare. Bai ƙare ba, a jakata yake. Ni na kai kofin, a sunkuye.

Dakta ya kurɓa. Ya tsaya. Ya dubi katan ɗinsa da ke can bakin rumfa, ya dubi dattawa ashirin da suka zuba masa ido. Ya shanye. Idonsa ya kawo ruwa, saboda ƙaunar gida.

Gwaggo ta ce, "Ɗana, wannan gishirin na wace shekara ne? Na bana ko na nan da hamsin?"

"Ai akan samu ɗan bambanci tsakanin hasashe da…"

"Ƙara masa."

Na ƙara masa. Kafin ya ga gindin kofi na biyu, Ten Bauro ya ce motar haƙa ta nufi arewa da safe. Ran Alhamis da yamma muka kwashe 'ya'yan babai zuwa sababbin ramuka. Cikin arba'in na gwaggo, goma sha ɗaya muka samu da rai. Sauran sun ruɓe a makonni ukun da muka yi muna jiran lissafi.

Bayan wata huɗu rahoton Dakta ya iso daga Tarawa, babban birninmu, shafi casa'in, da hotonsa a bango. Na karanta wa mata a bakin rijiya. Ya rubuta cewa an ceto amfanin gonar tsibirin bisa shawararsa, bayan wani gwaji na musamman da shi da kansa ya gudanar a kan ruwan kudu, har sau biyu.

Wannan kam babu ƙarya. Ni na riƙe butar.