Ranar da Na Ajiye Tanimu a Benci

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ni ne kocin ƙungiyar Durun, ina jin na fi kowa sanin ƙwallo. Ranar wasanmu da Madadi na ajiye ɗan gabanmu Tanimu, don duk kakar bai ci ko ɗaya ba.

Kyaftin ya ce, "Malam, Tanimu fa?"

Na ce, "Ci muke nema, ba guje-guje ba."

Ashe shi ke janye 'yan bayansu, abokansa su sami hanya. Sai da aka lallasa mu a zagayen farko na sako shi. Wallahi nan take fili ya buɗe, na saki baki ina kallo.

Har yau in na shiga kasuwar Kabo, mahauta sai sun ɗaga murya: "Koci, Tanimu fa?"