Kunnena a Murfin Langa

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hauwa a Basirka ba, ranar da murfin langa ya tona mini asiri.

Sanƙarau ne ya ɗauke mini ji ina da shekara talatin. Daga baya aka yi mini aiki a Kano, aka dasa mini na'ura a bayan kunne, da wani ɗan faifai mai maganaɗisu da ke mannewa a kai ta waje. Na ji, amma wane irin ji! Kowa muryarsa ɗaya, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Na haƙura da ta kowa, ban da ta Inna. Muryar da ta yi mini tatsuniya nake kewa, na'ura kuwa ba ta san ta ba. Sai na riƙa cire faifan ina ƙullewa a bakin zani, in ja ɗankwali in rufe kunne. Inna na magana, ina kallon leɓenta ina gyaɗa kai (na ƙware fa, har da "Allah sarki" a inda ya dace).

Ran biki ina durƙushe ina kwasar tuwo, ashe ƙullin ya kwance, abin ya manne a murfin langa. Aka kai wa manyan mata tuwonsu. Ni kuwa na koma gefen Inna, tana ba ni labari, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sai ga Gwaggo Ladi, yayar babana, ta ɗago murfi sama, abin na reto. Na karanta bakinta sarai: "Kunnen wa ya biyo tuwonmu?"

Mata suka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta karɓa, ta goge miyar da gefen mayafinta, ta ɗaga ɗankwalina ta manna mini da kanta.

Ta ce, "Tun yaushe nake magana da bango?"

Na ce, "Inna, ba muryarki nake ji ba. Ta da nake so."

"Ta da? Ni ma rabona da ita tun haƙorana na nan. Ki ji wannan, 'yar nan, kafin ita ma ta tafi."

Har yau ba na sa na'urar a kasuwa ko wurin aiki, hayaniya na sa ni ciwon kai. Amma motar Birnin Kudu na sauke ni a Basirka nake manna abata tun kafin in yi sallama. Langa kuwa, ko a bikin wa, ba na ƙara matsawa kusa da ita.