Wasiyyata a Motar Yaya

Batirin motar Yaya ya mutu a Sandamu, ƙofofi a kulle, but na baya kaɗai makulli ya buɗe. Na ce, "Ku matsa, wannan aikin sirara ne."

Na kutsa da makullin a hannuna, na ture kujerar baya, sai gam, but ya rufe! Zafi kamar tanda. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na hau salati, ina dukan gilashi ina kiran ƙanwata: "Hauwa, ki yafe mini, na bar miki atamfofina!"

Yaya ya leƙo, baki buɗe. "Ke! Ɗaga ɗan maɓallin ƙofar mana!"

Yanzu kullum Hauwa sai ta rusuna: "Marigayiya, yaushe rabon gado?"