Farfesan Aikin Mata

Gumel ta yi dace da Malam Abdulbaqi. Kwana uku kacal ya yi a taron bita a Kano, ya dawo da jaka mai tambari da ilimin da ya fi ƙarfin hularsa. 'Yan teburin mai shayi suka naɗa shi Farfesan Aikin Mata, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Ku ji shi, yatsa a sama: "'Yan gurguzu leburan masana'anta kawai suke gani. Masu kare muhalli bishiya suke yi wa kuka. Masu cewa al'ada da doka ke juya kasuwa sun kusa, amma ba su iso ba. Mu 'yan mazhabar tattalin arzikin mata, mu muka gano aikin da ba a gani: daka, ɗiban ruwa, raino!" Yana faɗa yana shafa babbar rigarsa, wadda a zatonsa da sitacinta take fitowa daga akwati.

Sai ƙungiyar mata masu riɗi ta garin Ɗanzomo ta nemi mai ba ta shawara, muƙamin da ke zuwa da sabon babur. Farfesa ya ƙwallafa rai. Ya tafi da mai ɗakinsa Ummulkhair don ta riƙe masa jaka.

Awa biyu ya yi yana ragargazar mazhabobi. Da ya tsaya shan ruwa, shugabar ƙungiyar, Iya Laure, ta miƙo masa ƙwaryar riɗi.

"Malam, mun ƙaru. Ɗan sheƙe mana wannan mu gani."

Ya ɗaga ƙwarya da ƙasaita, ya fuskanci iska. Ƙaiƙayi ya dawo masa ido, baki, gemu. Ummulkhair ta ajiye jaka, ta karɓi ƙwaryar, ta juya wa iska baya, ta sheƙe tas kafin ya gama tari.

"'Yar nan, wace sana'a kike?" in ji Iya.

Farfesa ya riga ta, yana kakkaɓe gemu: "Ai ba ta aikin komai, Iya. Tana gida."

Matan suka dubi juna. Nan take suka ba Ummulkhair muƙamin, kuma wallahi na ji daɗi.

Yanzu duk mako za ka ga Farfesa a hanyar Ɗanzomo yana tuƙa babur, mai ba da shawara a zaune a baya. Ranar da ya yi ƙorafin ko sannu ba a yi masa, ta ce, "Haƙuri za ka yi, Malam. Aikin da ba a gani ne."