Ranar da Na Tara wa Malamin Dabbobi Jarirai

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da aiken da aka yi mini Durba ba, ana gab da samun 'yancin kai. Lokacin ina masinja a wani ofishi a Rano, da la'asar kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, don an ce za a ɗauki mai taimaka wa akawu, kuma sai wanda ya iya karatun boko.

Matsalata ita ce saurin hadda. Abin da malami ya karanta sau biyu na riƙe shi, sai in miƙe in zuba kamar tilawa, ina bin layi da yatsa. (Yatsan ne kawai ke aiki, ido yana hutawa.) Har akawu ya fara ce mini Malam, ni kuma ban hana shi ba.

Ran nan ya ba ni takarda ya ce, "Kai wa dagacin Durba, ka karanta musu da bakinka. In ka yi wannan, kujerar taka ce." Na duba na gane "Sanarwa" a sama, na gane "Alhamis" a tsakiya, ga hatimi a ƙasa, sak takardar lambar rigakafin agana da na ji akawu ya karanta bara. Na hau keke.

A ƙofar gidan dagaci na gyara murya na zuba: ran Alhamis kowa ya kawo yaransa a yi musu lamba. Dagaci ya ce, "Madalla, ashe an yi malamai a Rano."

Ran Alhamis na koma in ga aikina. Gindin tsamiya cike da mata da goyo. Sai ga malamin dabbobi ya sauka daga babur da igiyoyi da wata ƙatuwar allura, ya waiga dama da hagu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina shanun?"

Wata tsohuwa ta rungume jikanta ta ce, "Ɗan nan, da wannan za a soke shi? Wallahi sai dai a soke ni!"

Dagaci ya miƙa wa malamin dabbobi takardar. Ya karanta a bainar jama'a, ashe allurar shanu ce. Ya miƙo mini, ba faɗa ba zagi, ya ce, "Malam, nuna mini inda aka ce yara." Na tsaya da takarda a hannu, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kujerar dai wani ya samu, kuma ya cancanta. Ni na koma aji, bencin gaba, na faro daga baƙi da wasali. Tun daga ranar na gane takarda ma kamar dattijo take, sai ka bari ta kai ƙarshen maganarta kafin ka ce ka ji.